Mako Gudan da Mahaifinku Ya Roƙa

Ba don abin da na ji da kunnena bara a gidan suna a Toranke ba, da na bar wannan magana ta bi ni kabari. Ina zaune cikin mata sai wata, wadda ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, ta nuna jikana da baki ta ce da ta kusa da ita, wai wannan ne jikan Malam Tsuntsu, wanda ya zaɓi tsuntsaye ya bar mutane da yunwa. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, haka ta taso ta ji ana faɗa. Yaron ya ji, ya sunkuyar da kai. Ku 'ya'yana, na san kun sha jin irin wannan tun kuna ƙanana, kun haɗiye don kada ku tayar mini da hankali. To ga yadda abin ya kasance, daga bakin wadda ke cikin gidan.

Mahaifinku mutumin Kademi ne. Aikin malamin gona ya fara a Gaya, har wasu masu binciken tsuntsaye suka zo cikin shekarun yaƙin basasa suna neman wanda ya san fadama kuma ya iya rubutu, aka haɗa shi da su. Da suka koma sai suka bar masa aikin. A lokacin aka ɗaura mana aure, ya ɗauko ni daga Toranke ya zaunar da ni a Gafasa, kusa da babban tafkin da kogi ke cikawa duk damina. Daga sallar asuba sai ya rataya madubin hangen nesa ya hau keke. Yana duba wane tsuntsu ya zo, wanne ya tafi, wanne ya yi sheƙa. Wasu ya kama su da raga ya sa musu ɗan zobe a ƙafa ya sake su. Babban abin da aka ɗora masa shi ne ya gano waɗanda ke cin amfanin manomi da waɗanda ke cinye masa fara da tsutsa. Mutane suna yi masa dariya, suna cewa ga ƙaton mutum ana biyan sa don kallon balbela. Shi ma yakan taya su dariyar. An taɓa tura shi can bakin teku ya yi 'yan watanni, ya dawo ya ishe ni da labarin ruwan da ba a ganin gaɓarsa da fararen tsuntsayen da ke faɗawa cikinsa kamar an jefa mashi. Wata rana ya shigo da wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa a tafin hannunsa.

"Rabi, kin ga wannan? Bai kai ƙwan kaza nauyi ba, amma teku ya ƙetaro da hamada ya zo tafkinmu. Baƙonmu ne."

Na ce, "To Malam, in baƙo ne sai in dama masa fura."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ina so ku san cewa mutum ne mai dariya, don ku ba ku same shi a haka ba.

Sai fari ya zo, cikin shekarun da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira. Damina biyu a jere sama ta bushe. Mun ci tafasa da rama ba gishiri, mun ci dusa, na ga mata masu mutunci suna tona gidan tururuwa don 'yar ƙwayar da ke ciki. Rijiyoyi suka ƙafe. Tafkin nan ya tsuke ya koma kamar faifai amma bai ƙafe ba, shi ne ya riƙe mu. Nan mata ke ɗiba, nan Ardo Buba, Bafillacen da ke mashekari a gefen gari, abokin mahaifinku na ƙut da ƙut, yake shayar da ragowar shanunsa. Nan kuma duk tsuntsayen ƙasar suka tattaru, gauraka da zalɓe da dinya da kirinjijiya, don babu wani ruwan. A damina ta uku Allah ya saki ruwa, amma shukar farko ta gero ta ƙone kafin ya zauna, sai kowa ya zuba ragowar irinsa a dawa da maiwa. Babana a Toranke, kakanku, da yayana Ado suka shuka abin da ya kamata a ce an tuƙa an ci. Dawa ta tashi shar, ta fitar da kai, har mutane suka fara ɗaga ido suna kallon juna.

Ana cikin haka jan-baki suka sauka. Wanda bai gan su ba ba zai gane ba. Ƙanana ne, ɗaya bai cika hannun yaro ba, amma in suka taso sai ka ce hadari ne ya haɗo, rana ta dushe, ƙarar fukafukansu kamar ana sheƙa ruwa kan kwano. Su sauka a gona, kafin a kai ga jefa majajjawa sun bar zangarniya fayau. Kowa ya fita gona, tsofaffi da yara, aka ɗaura gwangwanaye a igiya ana ja, ana ihu har muryoyi suka dishe. Ka kore su nan su sauka can.

Labari ya zo cewa an kawo jirgin feshi, ma'aikatansa suna Gaya. Amma ba za su tashi ba sai wanda ya san tsuntsu ya tabbatar musu da makwancin, ya kafa tutoci, don da magariba ake feshin, lokacin da tsuntsayen suka taru wuri guda. Mahaifinku ya san wurin. Cikin kacala da bagaruwar da suka kewaye tafki suke kwana, daidai kan ruwan. Dagaci da kansa ya zo zaurenmu da dattawa, ina bayan zana ina ji.

"Malam, yau ga ranarka. Shekara da shekaru kana kallon tsuntsu, yau kallon zai yi mana rana. Ka je ka nuna musu."

"Ranka ya daɗe, zan nuna. Amma maganin nan guba ne, ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe. In aka zuba shi a kan tafki, ruwan da muke sha ne, shi shanu ke sha. Balbela da zalɓe duk suna da 'ya'ya a sheƙa, su ne masu cinye mana fara. Ku ba ni mako guda da majiya ƙarfi. Mu sare kacalar, mu hana su kwana, su koma kurmin ƙaya na tudu inda babu ruwa. Can sai a fesa."

Wani dattijo ya ce, "Mako guda? Ka san abin da suke ci a wuni guda kuwa?"

"Na sani, Baba. Na fi kowa sani."

Dagaci ya ce ya ba shi makon, amma in abin ya ɓaci shi zai amsa wa jama'a. Ku lura da kyau: mahaifinku bai ce kada a fesa ba. Mako guda ya roƙa, kuma ruwan shan mutane ya fara ambata kafin tsuntsu.

Dabarar ba ta ci ba. Kwanakin farko samari sun fito da adduna da lauje, suka shiga taɓo har ƙugu suna sara, da yamma a yi ta buga ganga da hayaƙi. Tsuntsayen suka tashi, amma maimakon su nufi tudu sai suka koma ɗaya gefen tafkin. Samari suka ga gonakin iyayensu na ƙarewa, suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Aka bar shi daga shi sai 'ya'yan Ardo Buba. Yakan dawo ƙafafunsa duk matsattsaku da yankan kacala, ya zauna in gasa masa, ko tuwo ba ya iya kaiwa baki. A cikin makon nan garken ya juya ya faɗa wa gonakin Toranke.

Ina tankaɗe a tsakar gida Yaya Ado ya shigo ko sallama babu. Ya rungumo zangarniyar dawa, ya watsar a gaban mahaifinku. Babu ƙwaya ko ɗaya a jiki, sai soshiya.

"Ga noman Baba. Ga nawa. Ka dafa wa ƙanwata ta ci."

"Ado, zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Mun ba ka mace, ka saka mana da yunwa. Kai albashi kake ci, ko an yi hatsi ko ba a yi ba wata zai mutu a ba ka. Mu fa? Ladidi ta yi ta tambayata yaushe za a ci sabon tuwo, me zan ce mata? In ce ta jira 'ya'yan zalɓe su yi fiffike?"

Ladidi ita ce 'yarsa, ba ta wuce shekara biyar ba, ita kaɗai ta rayu cikin haihuwar matarsa Gaje. Ya juyo kaina ya ce Baba ya ce in har ina da uba in tattara in taho gida. Na ce ya gaya wa Baba ina nan tafe gaishe shi, amma ba da kayana ba. Ya yi tsaki ya fita. Mahaifinku ya daɗe yana jujjuya zangarniya ɗaya a hannunsa, sannan ya ce, "Rabi, ke me kika gani?" Na ce ni ban san tsuntsu ba, amma na san yunwa, kuma na san rumbun Baba ko ɓera ya daina shiga. Ya tashi ya ɗauki keke ya nufi Gaya, makon bai ma cika ba.

Washegari ya kafa tutocin da hannunsa. Ya sa mai shela ya zaga Gafasa: kada a ɗebi ruwan tafki, kada a shayar da dabba, kada wanda ya taɓa mataccen tsuntsu balle ya ci. Ya je mashekari ya roƙi Ardo Buba ya janye shanunsa. Ya bi ƙauyukan da ke kusa a kan keke yana faɗa, amma rana ta faɗi bai kai Toranke ba. Da magariba muka ji rurin jirgin, ya yi ƙasa-ƙasa har kaji suka watse, ya yi ta kai da kawo a kan tafki. Wani wari mai hawa kai ya cika gari. Mutane suna ta kabbara a kan katanga. Shi yana can bakin ruwa da tsumma a hanci.

Da gari ya waye bai shigo karin kumallo ba, sai na goya babbanku na bi mata, don ranar babu wanda ya tuna da kulle. Abin da na gani ba ya gogewa. Ƙasa ta rufe da jan-baki kamar an shanya barkono, ba inda za ka taka. Amma ba su kaɗai ba ne. Ga balbela fari fat a kan ruwa kamar an zubar da wanki. Ga zalɓe ya kife da dogon wuyansa cikin taɓo. Shirwa da shaho da suka zo cin mushe suna ta bori a ƙasa. Kifi ya juya ciki sama. Na ga gauraka biyu a bakin kacala, ɗaya ta mutu, ɗayar tana tsaye tana tangaɗi, ta kasa tashi ta kuma ƙi matsawa. A cikin sheƙuna kuwa 'ya'ya ne ke ta kuka a sama. Sannan ga mutane, ɗaruruwa, daga ƙauyukan da aka yi wa shela da waɗanda ba a yi wa ba, da ƙorai da buhuna, suna kwasa. Mutanen da suka shekara biyu ba su ga nama ba, ga shi a zube kyauta. Mahaifinku yana gudu daga wannan zuwa wancan, rawaninsa ya warware, yana fizge ƙwarya yana zubarwa, yana haɗa su da Allah da Annabi. Wani ya hankaɗe shi ya faɗa taɓo, ya tashi ya ci gaba. Daga nesa na hango shi tsaye da Yaya Ado, Ado da buhu a kafaɗa, shi kuma ya riƙe bakin buhun. Ban ji abin da suka ce ba, hayaniya ta yi yawa. Na dai ga Ado ya fizge ya tafi.

Mutane da yawa sun ci, yawancinsu amai da zawo suka yi suka tashi. Yara ne abin ya fi kayarwa. Ladidi, da yake cikinta ya daɗe babu komai, ta ci da yawa. Kafin la'asar miyau na dalala daga bakinta, jikinta na karkarwa. Ado ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi asibiti a Gaya, ta cika a hanya, ya juyo da ita.

Mun je gaisuwa. A gaban jama'a Ado ya miƙe ya ce babu wanda ya gaya masa akwai guba a jikin tsuntsayen. Ya ce an yi shela a Gafasa an tsallake Toranke da gangan, don ya je ya faɗa wa surukinsa gaskiya a gidansa. Mahaifinku yana zaune a kan tabarma, kowa ya zuba masa ido. Ya ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Baba ya aiko a gaya mini kada mijina ya ƙara taka masa ƙofar gida. A hanyar komawa na tambaye shi, na ce ai na gan ku tare, me ka ce masa?

"Bar shi, Rabi. Wanda ya binne 'yarsa ba a ƙara masa kaya."

Na sake tambaya bayan shekara, amsar ba ta canja ba.

Ardo Buba ya janye shanunsa kamar yadda aka ce, amma shanu ba sa jin shela. Ƙishirwa ta sa wasu suka tsinke suka koma inda suka saba sha. Waɗanda suka tsallake fari biyu suka mutu a bakin tafki cikin wuni guda. Ardo ya zo zaurenmu ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, ya ƙi zama.

"Malam, da wani ne ya kafa tutocin nan da ban ji zafi ba. Kai ka san ruwan."

Kafin sati ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Kun ga ke nan: manoma suna zaginsa don ya jinkirta, makiyaya suna zaginsa don ya nuna. Gaskiya kuma ita ce feshin ya ceci ragowar dawar Gafasa, mutane sun ci tuwo a shekarar, mu ma mun ci. Shi da kansa yakan faɗi haka. Bai taɓa cewa shi ne mai gaskiya ba. Abin da yake cewa shi ne, da ya nuna tun ranar farko da Baba ya tsira da hatsinsa, da Ado bai je tafki da buhu ba. Da kuma ya dage har ƙarshe da ruwan bai ɓaci ba. Ya tsaya a tsakiya, ya yi asarar duka biyun. Ni kuwa nakan ce masa wanda bai san gobe ba ba a kama shi da laifinta.

Kwana da kwanaki ya yi yana tattara gawarwakin tsuntsaye yana binnewa a rami don kada yara da karnuka su ɗauka. Babu safar hannu, babu mai taya shi, don kowa na gudun a gan shi tare da shi. Ya dawo da ciwon kai da amai, ya kwanta, ya tashi, ya koma. Tun daga nan ƙirjinsa bai ƙara daidai ba, hannunsa kuma ya kama rawa. Mutumin da ke sa zobe a ƙafar tsuntsun da bai kai yatsa ba ya zama ba ya iya kai ludayi baki sai kunu ya zube. Ya rubuta duk abin da ya gani ya aika wa na gaba da shi, ni na riƙe masa takardar don kada ta motsa. Ban san abin da aka yi da ita ba. Ya ci gaba da zuwa tafkin damina biyu, ya dawo ya ce shiru ne kawai a can, sai kwaɗi. Yara na binsa suna "Malam Tsuntsu, Malam Tsuntsu." Da hannun ya ƙi, ya ajiye aikin muka koma Kademi, ya riƙa noma 'yar gonar gado da koya wa manya karatun boko a zaure. A nan aka haifi sauranku. Wannan mutum mai shiru da tari, wanda kuke tsoron yi wa surutu, shi kuka sani. Baba ya rasu ba su shirya ba. Na je ni kaɗai.

Mahaifinku ya rasu da kaka, ana gab da sojoji su miƙa mulki ga farar hula. Ba mu aika Toranke ba, don mun san ba mai zuwa. Ana shirin ɗaukar gawa sai aka ce ga Ado a ƙofar gida, ya taho a ƙasa, ƙafarsa duk ƙura. Maza suka gaya mini shi ya kama makara, da aka isa kuma ya riga kowa sauka cikin kabarin, shi ya karɓe shi ya kwantar. 'Yan'uwan mahaifinku suka so hana shi, liman ya ɗaga musu hannu.

Ran sadakar uku, da mutane suka ragu, ya zo ƙofar ɗakin da nake takaba ya tsuguna daga waje. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya kira sunana.

"Rabi."

"Na'am, Yaya."

"Ya gaya mini. Ya riƙe buhun ya ce, Ado, don girman Allah kada ka kai wa yara, guba ne. Ya ce in zo gidansa ya auna mini hatsin da ke rumbunsa duka. Na ji shi sarai. Na ce su suka cinye nawa, ni ma sai na cinye su."

Ya ci gaba da cewa:

"Da na faɗa a ranar, Gaje ba za ta ƙara kallon fuskata ba. Ni ma ba zan iya kallon kaina ba. Na ɗora masa, ya ɗauka. Kullum ina jiran ya tona ni, har ya mutu bai tona ba."

Ya roƙe ni kada in faɗa muddin Gaje na da rai. Na yi masa alkawari, na kuma cika. Gaje ta rasu, shi ma ya bi ta, Allah ya gafarta musu baki ɗaya. 'Ya'yan da suka haifa daga baya 'yan'uwanku ne, ba su ci ba ba su sha ba, kada in ji wani ya kai musu wannan magana da sunan ramuwa. Mahaifinku ya fi ku ikon ramawa, yana zaune a kan tabarma gari guda na kallonsa, kalma ɗaya ta ishe shi. Ya dubi Ado, ya yi wa yarinyar addu'a, ya tashi ya sa takalminsa.